Khasm Ɗin Kanti da Khasm Ɗin Littafi: Ga Inna Mahasin

Duk wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana karanta nahawu da balaga a Alƙahira, babu takardar Larabci a doron ƙasa da za ta gagare shi. Ustaz Ja'afar ne ya faɗi haka, ranar da shi da Alhaji Gidaɗo suka buɗe ɗan kamfaninsu a unguwar Mohandessin ta Alƙahira, suna ɗura zoɓon Jigawa a leda suna kai wa wani babban kanti mai rassa barkatai. Misirawa karkade suke ce masa, kuma suna shansa kamar an ce gobe za a hana.

Ba Ustaz zan yi wa jinjina ba, yana yi wa kansa wadda ta ishe shi. Inna Mahasin nake nufi, Bahaushiyar Sudan da suka ɗauka don ta ƙirga katan ta amsa waya, bayan ta yi shekara goma sha shida tana wannan ƙirga ga 'yan sari a kasuwar Ataba.

Ƙarfe bakwai take fitowa daga unguwar Ard al-Liwa, ta tsallake layin dogo, ta shiga mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya. A jakarta akwai tabarau, biro biyu da tef ɗin awo. Motar kaya ba ta tashi sai Inna ta duba kowane katan ta ɗauki hotonsa, direba kuma ba ya shan shayi sai ya miƙa mata takardar karɓar kaya da hatimin sito a kanta. Digirinta ke nan.

Gab da azumin 2012 wata takarda ta zo daga kantin, an rubuta "ish'ar khasm", wato sanarwar khasm, a samanta. Ustaz ya karanta, fuskarsa ta sauya. A littattafan fiƙihu, khasm shi ne abokin husuma, wanda ake tsayawa da shi gaban alƙali. Ya shaida wa Alhaji cewa an ayyana su abokan gaba a rubuce. Ya zauna ya tsara amsa shafi uku, da baitoci biyu a tsakiya, ya rufe da cewa sun janye kayansu daga kantin har abada. Wannan kantin kuwa shi ke sayen kusan duk zoɓonsu, kuma mata shida masu ɗura leda da shi suke biyan haya.

Aka ba Inna ta kai. Ta karanta a mota, ta sauka, ta dawo da ƙafa.

"Ustaz, Larabcin nan ya yi kyau, har na kusa kuka," in ji ta. "Amma wa ya ce maka suna gaba da kai?"

"Ga shi a rubuce, Inna. Khasm."

"Wancan na littafi ne. Na kanti yanka ne. Fam dubu huɗu suka yanke daga kuɗinku, wai lambar da na'ura ke karantawa an liƙa ta a ƙasan katan, su kuma a gefe suke so."

"To ai wannan ma gaba ce."

"Ma'alish, yi haƙuri. Amma ita wannan gabar kwana goma sha huɗu take ba ka ka musa. Takardarka in ta shiga, khalas, an gama."

Ta ɗauko yarjejeniyar, ta bi ta layi-layi da bakin biro, ta gano cewa dokar liƙa lamba a gefe an aiko ta ne bayan kayan sun riga sun shiga sito. Ta rubuta layi biyar, babu baiti ko ɗaya. Aka mayar da kuɗin. Ustaz ya ce shi ma da ma yana da shakka a kan ma'anar.

Daga nan ta zama makarantarsu. Ta koya musu cewa ajz, wanda Ustaz ke neman tsari da shi kowace safiya da ma'anar gajiyawa, a bakin mai sito katan ne bai cika ba. Lokacin dokar hana fita ta 2013 aka ci su tarar lattin kai kaya. Mu'tasim direba ya ba ni labari da bakinsa: ta je ofishin kantin da hoton da ke nuna motar ta iso ƙofar sito tun kafin la'asar, ta zauna, ta buɗe fulas ɗin zoɓo, ta zuba wa akawun, ta ce ba ta sauri. A kofi na uku ya soke tarar. Inda kuma laifin nasu ne, leda ta fashe ko kwanan wata ya goge, takan ce, "Wannan hakkinsu ne, Alhaji, a biya." Shi ya sa in ta musa ake saurarenta.

Ke ce, Inna, mai karanta ƙananan rubutun da manya ke tsallakewa. Ke kika riƙe hayar gida shida da biro, kika kuma bar wa malami girmansa, don har yau wasiƙar nan ba ki nuna wa kowa ba sai ni, da Alhaji, da Mu'tasim, da matan nan shida. Mun gode. Ɗalibanmu masu son shiga kasuwa, ku yi koyi da ita: kafin ku mayar da martani, ku tambayi wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar sito.

A watan jiya ta ajiye aiki, ta koma Maiurno ta Sudan wurin jikokinta. Aka yi walima, aka ci koshari, shinkafa da taliyar Misirawa, aka yi ta dariya. Ustaz ya miƙe ya sanar cewa ba sai an ɗauki kowa ba, takardun kanti yanzu a hannunsa suke, tun da harshen bai taɓa yi masa wuya ba. Kowa ya ce tamam, hakan ya yi.

Mako biyu bayan nan aka yanke musu fam dubu biyu. Ustaz ya inganta sunan kayan a kan fatura, takardar lissafin kaya, ya mayar da shi Larabci mai tsafta, na'urar kantin kuwa ta ce ba ta san wannan kaya ba. Alhaji Gidaɗo ne ya fara ganin takardar. Ya ninke ta, ya cire kuɗin daga rabonsa, ya fita baranda da waya.

"Inna, kin isa lafiya? Ya jikoki? Akwai wani ɗan hoto da zan turo miki."