Buteli biyu zuwa lambun Kawu

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da wani abokin aikina na lakwal, makarantar da muke koyarwa, da buteli biyu na gaz a bayan mota. Kwana uku na yi ina sintiri kafin in same su, kuma mai sayarwa ya tsuga mani kuɗi har da cewa alfarma ya yi mani. Kawuna ne ya kira daga Attantane ya ce gaz ɗin injin ban-ruwanshi ya ƙare, tumatirinshi ya kwana huɗu bai sha ruwa ba.

Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu. Bayan korona an raba wa masu lambu pano na hasken rana mai jan ruwan rijiya don su farfaɗo, Kawu ya samu. Da na ga yadda ruwan ke zuba siriri, sai na ce mashi wannan ai wasan yara ne, ya sayar ya sayi inji mai aiki da gaz. Tunda ni Mushe, malamin lakwal, na faɗa, bai yi musu ba. Maƙwabcinshi ya saye panon.

Muna barin gudron, wato kwalta, rairayi ya riƙe mu. Abokina mai cika bakin tuƙi ya koma turi, takalmi a hannu. Sai azahar muka kai Kanan Bakashe, ranar kasuwa. Muka sha fura wurin wata Bafulatana da ta dubi butelinmu ta ce ko biki za mu dafa wa. Na yi dariyar yaƙe.

Da la'asar muka isa. Wayyo! Ganye ya ƙone, 'ya'yan sun zube tun suna kore. Fangali uku kaɗai suka rayu, su ma don maƙwabcin nan ya zuro tiyo ta cikin darni, daga panon da na raina.

Muka ɗaura gaz, inji ya yi ruri, ba a jima ba ya fara jan laka. Kawu ya ce, "Haka yake yi, ɗana. Rijiyar nan a hankali take kawo ruwa. Wancan panon shi ya san halinta."

"Kawu, me ya hana ku faɗa mani?"

"Kai ka yi karatu."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma abin da ya fi ci mani rai ke nan.

Washegari ya rako mu bakin mota ya miƙo mani ƙullin kauɗa, busasshen tumatirin lambunshi. Ya ce ta bara ce, in yi haƙuri, bana babu.

Mun dawo gida lafiya. Abin da na koyo shi ne ban taɓa tambayar Kawu yadda rijiyarshi take ba kafin in buɗe baki. Kauɗar na nan rataye a madafa. Uwargida ta tambaye ni sau biyu ko ta sa a miya, na ce ta bari tukuna.