Bahon Bayan Gidan Opal

Rubuta yadda na faɗa, ban da kwaskwarima. Labarin Opal ne, matar Hershel Tackett, masu gidan nan na ƙarshen kwarinmu, inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara.

Opal mace ce mai ƙyanƙyami, tun tana budurwa. In ƙuda ya sauka a bakin kofinta, to kofin nan ya gama aikin ranar. Ta yi shekaru tana dafa wa yaran firamare abinci, ba wanda ya taɓa ganin ta lashi cokali ta mayar tukunya. Sai Allah ya tashi haɗa ta da miji, ya haɗa ta da mahaƙin kwal. Duk tsaunukan Kentaki, nan Amurka, ba aikin da ya kai namu dauɗa. Mutum zai fito daga rami baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai ake gani.

Ranar da Hershel ya fara dawowa daga aiki bayan biki, ya tarar da ƙaton bahon kwano a rumfar bayan gida, da ruwan zafi, da sabulu, da ƙusa a jikin ginshiƙi ta rataye kaya. Ita kuma tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Ba ka shigo mini da ramin nan cikin ɗaki."

Ya ce, "Haba Opal, ni ne fa mijin."

Ta ce, "Mijin da na aura na san kamanninsa. In ka same shi cikin bahon nan ka ce masa ya shigo."

Haka aka yi ta yi, da zafi da sanyi, har ranar da ƙanƙara ke zuba. Sai da ƙurar kwal ta cinye masa huhu ya bar aiki, sannan aka kife bahon a kejin kaji, suka mai da shi wurin kwana.

Abu na biyu da Opal ta riƙe da hannu biyu shi ne maƙabartar dangi da ke kan tudu. Duk shekara, Lahadin ƙarshen Mayu, ranar gyaran kaburbura, ita ce ta farkon hawa. A yanke ciyawa, a wanke duwatsun kaburbura, a jera furanni, mai wa'azi ya yi nasa, sannan a shimfiɗa abinci ƙarƙashin itatuwa a ci. Furanninta na gaske ne, ita take shuka abinta. Ta riga ta zaɓa musu wuri ita da Hershel, gefe da gefe, dutse ɗaya, an ma sassaƙa sunayen.

'Yarsu ɗaya ce. Ta tafi Ohio aikin masana'anta, ta bar musu jaririya ta ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Jaririyar ita ce Twila, a hannun Opal ta girma. Da ta yi wayo ita ke tuƙa kakanta zuwa asibiti, wurin wani likita irin waɗanda ake koya musu magani da allura, a kuma koya musu gyaran jiki da hannu. Ya kwantar da Hershel, ya bi haƙarƙarinsa da yatsu, ya danna nan ya saki can, sai ka ga numfashi ya ɗan buɗe. Tun daga nan yarinya ta ce irin wannan likitan za ta zama. Ta gama jami'a, ta nemi makarantunsu.

Wata Lahadi suna cin wake da burodin masara, Hershel ya goge baki ya ce, "Na ba su gawata."

Opal ta ajiye cokali. "Ka ba wa?"

"Makarantar likitocin nan ta bayan dutse. Yara su buɗe su ga abin da kwal ke yi wa ƙirjin mutum. In sun gama su ƙona, su kawo miki tokar."

"Su buɗe ka. Kamar aladen da ake yankawa a rataye da sanyi."

"To da can ma tsutsa ce za ta ci a banza."

"Tsutsa ba ta tsayawa a kanka tana taunar cingam, Hershel!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya dubi Twila ya ce, "Ke kuma in sun ɗauke ki, za ki tarar na riga ki. Ni da ban gama firamare ba, sai na shiga makarantar likita kafin ke."

Twila ta ce, "Kai Papaw!" tana dariya tana share ido. Haka jikokin wajenmu ke kiran kaka namiji, mace kuma Mamaw. Opal kuwa ta kwashe kwanonta ta zubar wa kare. Sai da ta yi mako ba ta iya kallon nama ba.

Ta yi faɗa, ta yi gaba, ta kai ƙara wurin mai wa'azi. Mai wa'azi ya ce ranar tashi Ubangiji ya san inda zai tattaro kowa. Ta ce ita ba ranar tashi ta tambaye shi ba. Hershel dai bai janye ba, kuma kafin sanyi ya fita ya rasu.

Ba akwati, ba zaman gawa a falo yadda muka saba. Wata farar mota ce ta zo, da samari biyu masu ladabi, ladabin ma ya ƙara ba ta haushi. Suka tura shi a gado mai taya suka tafi. Kafin ƙurar motar ta kwanta Opal ta durƙusa tana goge inda tayoyin suka bi a baranda. A coci hotonsa aka jingina a kan tebur aka yi wa waƙa. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin an yi jana'izar hoto ba.

To ana cikin haka amsoshi suka zo. Makarantu uku suka ɗauki Twila. Ɗaya a Florida bakin teku, ɗaya a wani babban birni a Ohio, ta uku ita ce ta bayan dutse, wadda in ta tashi ranar Juma'a za ta iso gida kafin wake ya nuna. Mutanen kwari suna ta murna, ban da Opal, don ta san wa ke kwance a ta ukun.

Twila ta same ta tana kwaɓa fulawa, ta ce, "Mamaw, na yi magana da su. Ba za su sa ni a teburinsa ba. Ko ganinsa ba zan yi ba."

"Amma 'yan ajinku za su gan shi."

"Za su gan shi."

"Tsirara."

"A rufe suke, Mamaw. Sai wurin da ake aiki ake buɗewa."

"Aiki!" Opal ta ja tsaki. "Su gama aikin ku tafi cin abinci tare, ku yi musabaha, ke ma kin gama da naki mushen, ranar Juma'a ki zo ki tsoma mini hannu a kullu. Tir!"

Twila ta ce, "Can nake so. Suna tura ɗalibansu asibitocin ƙauyukan nan, nan nake so in yi aiki. Amma mijinki ne kafin ya zama Papaw ɗina. In kin ce a'a, a'a ɗin ke nan. Sai dai ranar Litinin bayan gyaran kaburbura dole in ba su amsa."

Opal ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tafi bakin teku. Je ki yanka mijin wata."

Ta faɗa da baki, amma ta san abin da ta faɗa. Duk tsawon rayuwarta ba ta ga wanda ya sauka daga kwarin nan da akwati ya dawo da shi ba. Ga uwar yarinyar ma. In Twila ta tafi, daga ita sai kaji. In kuma ta zauna, duk Juma'a warin ɗakin gawa zai shigo mata gida. Da ta tuna wannan sai ta ji yawu ya taru mata a baki, ta fita ta tofar.

Ranar gyaran kaburbura ta hau tudu da kwandon furanni. Ta tsaya gaban dutsensu. Ga sunan Hershel, amma ƙasa a shafe, ciyawa lif, ba kowa a ciki. Ta rasa inda za ta ajiye furen. Gefensu kuma kaburburan gidan Slone ne, waɗanda 'ya'yansu duk suka watse birane. Ƙaya ta haɗiye su, dutse ɗaya ya kife, har wata dabba ta yi rami a ƙarƙashi.

Sai ga Nadine, ƙanwar Hershel, daga Ohio, a ƙatuwar mota. Takalmi mai tsini yana nutsewa a laka, ɗan kare a hammata, furannin roba a hannu ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ta yi ta zagaye tana duba duwatsu, can ta caka furen a wani kabari ta ce, "Allah sarki Mama."

Opal ta ce, "Wannan na kawunku ne. Uwarki tana can sama, inda na wanke jiya."

Nadine ta ce, "Kai, duk iri ɗaya ne." Ko cirewa ba ta yi ba.

Da aka zauna cin abinci ta matso kusa da Opal. Ta ɗauki cinyar kaza, ta gutsura wa karen a baki, ya lashe mata yatsu, ta mayar da hannun nan cikin tiren kowa. Opal ta ture farantinta gefe.

Nadine ta ce, "Na ji labarin 'yarmu likita. Ki turo mana ita Ohio, matar yaya. Shekara guda za ta daina wannan magana ta 'yan dutse, ta samu miji mai hankali. Nawa yaran ko sunan kwarin nan ba su sani ba, me ya rage su?"

Opal ta ce, "To."

"Ke ma ki sayar da wannan akurkin ki biyo ta. Muna da gidajen tsofaffi masu kyau. Ba abin da za ki yi, har wanka ma'aikata ne za su yi miki."

"Wa zai yi mini wanka?"

"Ma'aikata mana. Yau wannan gobe wancan."

Opal ta dube ta, ta dubi karen, ta dubi furen roba da ke tsaye a kabarin da ba nasa ba. Da ta kau da kai don kada ta yi amai a gaban mai wa'azi, sai idonta ya faɗa kan Twila. Yarinyar ta bar abinci, tana durƙushe a kaburburan gidan Slone tana tuge ƙaya da hannu, duk ta yayyage mata yatsu. Ba danginta ba ne, ba kuma wanda ya sa ta.

Opal ta miƙe. Ta kwashe tirenta, ta juye sauran kazar a daji, ta sauko.

Litinin da safe ƙarar kwano ce ta tashi Twila. Ta leƙa bayan gida ta ga kakarta ta jawo tsohon bahon daga keji, ta ɗaure hanci da ƙyalle, tana kankare kashin kaji na shekara da shekaru da toka da ruwan zafi, tana yi tana tsine wa kajin. A jikin ginshiƙi ga sabuwar ƙusa.

Twila ta ce, "Mamaw, me za ki yi da wannan?"

Opal ta miƙe da ƙyar, ta riƙe ƙugu. "Ba ki shigo mini da makarantar nan cikin ɗaki. Kaya a ƙusa, takalmi a waje, gashi ma a wanke. Ba na son jin me kuka buɗe, ba na son jin me kuka gani. Kullun burodina kuwa, ke da shi har abada."

Twila ta taho da gudu za ta rungume ta. Opal ta tare ta da burushi. "Dakata, hannuna da kashin kaji. Je ki ba su amsar kafin in dawo hayyacina."

Har yarinyar ta kai ƙofa, ta kira ta. "Twila. In kin gane waɗanda aka ba shi, ki ce musu kafaɗarsa ta hagu dutse ya taɓa karya ta a rami. Su bi ta a hankali. Kuma su tofar da cingam."

Yanzu duk Juma'a in ka bi ta ƙarshen kwari za ka ga ƙaramar motar Twila a bakin rafi, tururi na tashi bayan gida. Tokar Hershel ba ta dawo ba tukuna. Opal ta ce ranar da ta zo cikakken kabari za a haƙa, da cikakken akwati, wanda ya ga ɓarna ce ya rufe idonsa. Har yau ba ta kiran sunan makarantar, sai dai ta ce "wurin nan", ta yamutsa fuska.

Juma'ar da ta wuce na kai mata tumatir, na tarar da ita bakin ƙofa da tsintsiya. Twila ta fito daga rumfa da tawul a kai, tana rawar sanyi. Opal ta kamo gashinta ta shinshina, ta toshe hanci.

Ta ce, "Koma. Da saura."

Yarinya ta koma tana gunaguni. Opal ta shiga ciki ta ƙara mata wake a kwano.