Bangon da Mai Fenti Ya Ce Fari Ne

Mai Fenti bai taɓa yarda wani ya haɗa masa kala ba. Tun yana saurayi da hannunsa yake buɗe gwangwani, ya zuba a bokiti, ya ɗiga abin da zai ɗiga, ya juya da sanda, sannan ya shafa kaɗan a bayan hannunsa ya kai wajen haske. In ya ce ya yi, to ya yi. Shi da ƙanensa suke aiki, shi ne mai ido, ƙanen ne mai hawa tsani. Rabin gidajen unguwar aikinsu ne, kuma ba a taɓa kiransu su dawo gyara ba.

Da girma ya fara kama shi sai ya tsiri zagin kamfanonin da ke yin fenti. Wai sun lalace, farinsu ya koma rawaya-rawaya kamar tsohon haƙori. Maganin abin a wurinsa shi ne shuɗi, ya ɗiga kaɗan ya kashe rawayar. Bana ɗigo, baɗi cokali, har aka kai yana tuttulawa ba ya ko dubawa.

A shagon wani tela abin ya fashe. Sun gama bango ɗaya, ƙanen ya sauko daga tsani, ya ja da baya, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wannan fa ba fari ba ne. Shuɗi ne."

"Kai yaushe ka yi ido?"

"Wallahi kamar rigar da aka cika wa bula. Ga tela nan, tambaye shi."

Tela ya sunkuyar da kai kan kekensa, ya ce shi dai fari ya ce a yi masa.

Mai Fenti ya jefar da buroshi. "Ni na ga fari, kai ka ga shuɗi. Wa ya ce naka ne gaskiya? Ka taɓa shiga kaina ka leƙo ta idona? Ko mutum ɗari ka tara min, kowa da nasa idon zai duba, babu wanda ya taɓa ganin bangon nan ba da ido ba!"

Abin haushin shi ne tambayar tasa tambaya ce ta gaske. Da ya yi ta don ya sani, da ta kai shi asibiti tun a ranar. Amma shi sanda ya mayar da ita. Ya ce ƙanen baƙin ciki yake yi, so yake ya ƙwace masu ba su aiki, ya gaya masa maganganun da ba a gaya wa wanda aka sha nono ɗaya da shi. Ƙanen ya naɗe tsummansa, ya ajiye rola a bakin bokiti, ya fita. Bai daɗe ba ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Aiki ya yi ta janyewa. Babu mai cewa komai, sai dai a kira wani. Mai Fenti ya ce duniya ce ta lalace, mutane ba su san fari ba. Don ya huce sai ya fente ɗakinsa da zaurensa da kicin, duk da haɗinsa. Duk wanda ya yi gigin cewa uffan a gidan, ranar ba mai cin abinci cikin daɗi. Ya yi ta faɗa, ya buga ƙofa, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwa. Yara suka koyi kallon ƙasa, matarsa ta koyi shiru.

Sai da ya tsallake matakin tsani ya faɗo ya gurɗe ƙafa, sannan babbar 'yarsa ta sa shi a mota tana kuka, ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyun, ta daɗe, kuma ita ke sa mutum ganin komai da rawaya. Aka yi wa na dama aiki, aka ce na hagu sai na daman ya warke.

Ranar da aka cire bandeji ya dawo gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Bango shuɗi shar. Ya rufe idon dama, bango ya koma fari tas, irin farin da ya yi rantsuwa a kansa. Ya buɗe, shuɗi. Ya rufe, fari. In sabon idon ne mai gaskiya, to ya kori ɗan'uwansa a kan gaskiya, kuma dole ya je ya durƙusa masa tun suna da rai.

Da ya koma a duba shi, ya tare likita da faɗa. "Wanne ne nawa a cikin biyun?"

"Baba, tsohon yana ƙara rawaya. Sabon kuma zai riƙa nuna maka abubuwa da ɗan shuɗi-shuɗi na wani lokaci, kafin ya saba."

"Wato shi ma maƙaryaci ne!"

"Ban ce ba. Ka samu wanda ka yarda da shi ya duba maka."

Ya dawo yana huci, yana jan ƙafa. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya kama hannunta, abin da ya daɗe bai yi ba, ya kai ta gaban bangon.

"Ke, don Allah duba min. Idonki lafiya lau yake. Wace kala ce wannan?"

Ta dubi bango. Ta dubi fuskarsa, ta daɗe tana neman amsar a can.

"Gaskiya nake so," ya daka mata tsawa. "Me kike gani?"

Ta zare hannunta a hankali, ta ja baya zuwa bakin ƙofa.

"Malam, duk wadda ka ce, ita ce."