Majanyin Inna a Tagar Banɗaki

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu ƙarfen da ya fi ƙarfina a garin Gwarzo, na ƙera wani abu da ya kusa raba ni da ƙanwata. Na sha ba da labarin nan, amma kullum ina cire wani ɓangare. Yau zan faɗe shi yadda ya faru.

Sana'ata walda ce. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, kurar ruwa, duk ina yi. Da yake na ɗan zauna a makarantar koyon sana'a, abokai suna tsokanata da Injiniya. Ni kuwa maimakon in gane tsokana ce, sai na ɗauki abin da gaske, har da saƙala biro a kunne.

Mu mutanen Durun ne, can ƙasar Kabo, kuma ni ne ɗan farin mahaifiyata. Inna irin matan zamanin da ce masu alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, in ma tana son in ci abinci sai ta ce da wani, "A ce wa wancan ga tuwo nan." Ƙanwata kuwa ita ce auta, ita ce ta samu duk hirar da ban samu ba. Da ta yi haihuwar fari, aka dawo da ita gida wanka kamar yadda aka saba.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san aikin wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya a tsakar gida, a zuba ganyen darbejiya, a kinkima zuwa makewayi. Na je barka na tarar da Inna durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, idonta jajur yana hawaye. Da za ta ɗaga bokiti sai da ta dafa bango, saboda ciwon bayan da ta daɗe tana fama da shi. Abin ya tsaya mini a rai. Ban iya ce mata komai ba, don ba mu saba ba. Na dai koma shago da niyyar hannuna ya faɗi abin da bakina ya kasa.

Kwana uku na yi ina aikin. Na naɗe farantin ƙarfe mai kauri na yi tanki mai cin jarka uku. Na ratsa bututu ta tsakiyarsa daga ƙasa har sama, na sa kan gas a ƙarƙashi, yadda zafin wutar zai bi ta cikin bututun ya dumama ruwan da ke kewaye da shi kafin ya fita. Na bar ƙaramar ƙofa a murfin don tururi ya samu hanya, na sa famfo a gefe, na naɗe jikin tankin da auduga da buhu don kada zafi ya gudu. Da na gwada a bakin shago, wutar ta tashi shuɗiya tas, ruwa ya tafasa kafin in gama shan shayi. Ranar ko sallamar maƙwabta da ƙyar nake amsawa.

Makewayin gidanmu na ƙasa ne, ba rufi, ba ƙyaure, sai tsohuwar tabarma a baki. Na ce ai wannan bai dace da aikin Injiniya ba. Na rufa shi da kwano, na sa ƙofar ƙarfe, na girka tankin a ciki, tukunyar gas ɗin kaɗai na bari a waje. A nan ne na yi kuskuren. Bututun hayaƙin ya kamata ya fasa rufi ya fita, amma wanda na zo da shi ya gaza da kamar kamu biyu. Sai na huda 'yar taga a saman bango daidai bakinsa, na huda wata a ƙasa don iska ta shigo, na ce da kaina mako mai zuwa zan kawo ƙari. Na nuna wa ƙanwata yadda ake kunnawa da kashewa. Amfanin tagogin nan biyu kuwa ban gaya wa kowa ba. A ganina abu ne a fili.

Inna ta zo ta tsaya daga nesa tana kallon ruwan zafi yana zuba daga famfo. Ta ce da ƙanwata, "Allah ya yi wa mai aikin nan albarka." Da wannan maganar na yi ta murmushi a kan babur har Gwarzo.

Mako ya zo ya wuce ban kai bututun ba. Aiki ya yi mini yawa, ko kuma in faɗi gaskiya, yabon da na samu ya sa na ɗauka aikin ya gama. Ana nan sanyi ya sauko sosai. Na kira ƙanwata a waya, ta ce, "Yaya, lafiya lau, sai dai kwana biyun nan in na fito wanka kaina kamar zai tsage, ga jiri." Na ce, "Jego ne, ki dage da kunun kanwa." Haka kowa ya ce mata a gidan, ni ma na bi sahu.

Ranar da abin ya faru na isa gida da hantsi, na kawo musu gas. Tun daga zaure nake jin kukan jaririn. Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, tana jijjiga shi a kafaɗa, Inna kuma tana tsaye a ƙofar banɗaki tana bugawa.

"Auta! Ke Auta! Yaron nan fa zai shiɗe."

Shiru. Gwaggo ta ce ai ta daɗe a ciki, an ce ta jira ruwan ya ƙara zafi. Na ruga na murɗe tukunyar gas ɗin, na sa kafaɗa na daki ƙofar da ni na ƙera ta, na kuma yi mata sakata mai ƙarfi. Sai a karo na huɗu ta ɓalle. Na kau da kai, Inna ta shiga da zani, sai na ji ta saki salati da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Muka fito da ita tsakar gida. Jikinta ya saki, idonta a rufe, numfashin sama-sama. Mata suka cika gidan, wata na fifita, wata na yayyafa ruwa, maƙwabcinmu ya tafi neman mota. Gwaggo tana ta cewa, "Iska ce, wallahi iska ce. Mai jego ita kaɗai a banɗaki, ai dole. A kira malam ya yi mata tofi."

Ni kuwa na koma cikin banɗakin. Iskar ciki ta yi nauyi, gindin tankin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, alamar wutar ta daɗe tana ci ba isasshiyar iska. Na ɗaga kai. Tagar sama a toshe take da tsumma, an cusa shi tam da kyau. Ta ƙasa ma haka. Na jawo na saman, sai ya warware a hannuna. Tsohon majanyin Inna ne, saƙi mai ratsin baƙi da fari, wanda ta goye mu da shi duka, an raba shi biyu.

Nan take na gane. A wajenmu babu abin da ake tsoro ga mai jego kamar sanyi ya shige ta. Inna ta ga ramuka biyu suna huro wa 'yarta iska tana tsirara, ta nemi abin da ya fi mata daraja ta rufe. Na ciro na ƙasan ma, na cusa guntayen biyu a aljihun wandona na fito.

A asibiti a Kabo akwai abokina, ma'aikacin jinya, tare muka yi firamare. Suka sa mata abin numfashi a hanci, ya jawo ni gefe.

"Gaya mini gaskiya, akwai wuta a inda take? Gawayi ko janareta?"

Na ce gas ne, a rufaffen banɗaki.

Ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai da kanka? Wutar da ba ta samu iska ba guba take fitarwa, ba wari, ba launi. Mutum sai dai ya ji kasala ya zauna, daga nan shi ke nan. Da kun ƙara minti kaɗan, da wani zancen muke yi."

Sai bayan la'asar ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ina yaron?" Inna ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna rawa. Ni waje na fita, na zauna a gindin wata bishiya na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu.

Da yamma mijinta da 'yan'uwansa suka iso, Gwaggo na ta ba su labarin iska. Da na yi shiru, da maganar ta tafi a haka, sunana ya tsira. Amma tankin yana nan a gida, gobe wani zai kunna. In kuma na faɗi duka, to na ce Inna ce ta toshe tagar, kuma na san matar nan ba za ta ƙara barci mai daɗi ba har ta koma ga Allah. Sai na ce musu, "Ba iska ba ce. Aikina ne. Bututun hayaƙin ban fitar da shi waje ba, gubar ta taru a ciki. Laifina ne ni kaɗai." Wan mijin ya ce, "Garin neman gira ka tashi rasa mana ido." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Washegari na cire tankin. Aka koma murhu, sauran kwanakin arba'in ɗin kullum da asuba ina kan hanyar Durun, ni ke faskare, ni ke kinkimar ruwa. Ƙanwata ta yi watanni tana fama da ciwon kai da mantuwa kafin ta dawo daidai. A Gwarzo kuma labari ya riga ni isa. Aka daina ce mini Injiniya, ni ma na sauke biron daga kunne.

Na daɗe ban ƙara taɓa irin aikin ba. Da na koma, sai na sauya ƙirar gaba ɗaya. Wuta da tanki a waje, cikin 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Bututun hayaƙi ya zarce rufi. Abin da ke shiga banɗaki bai wuce bututun ruwa da famfo ba. Daga baya na lura ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Haka iyayenmu suke yi tun asali, wuta a tsakar gida, ruwa kaɗai ke shiga makewayi. Ni ne na zo da ilimina na haɗa su a ɗaki ɗaya na rufe ƙofa.

Bayan shekara tara Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ruwan sanyi ya gagare ta ko na alwala, sai ƙanwata ta lallashe ta na girka mata sabon a bayan ɗaki. Wata safiya na kawo mata ruwan ɗumi a buta, tana zaune a rana kan tabarma, ba kowa kusa. Na ajiye zan juya, sai ta yi magana, kuma da ni take, ba ta bakin kowa ba.

"Majanyin nan, ka yar ko yana nan?"

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Wane majanyi, Inna?"

"Na gan ka ranar. Kana fitowa bakinsa na leƙowa daga aljihunka." Ta shafa butar. "Na ji abin da ka gaya wa mutane a asibiti. Na so in yi magana, na kasa. Shekara tara ina so in yi magana."

Na ce, "Inna, ai ba ƙarya na yi ba. Ni na bar ramin, ban kuma gaya miki amfaninsa ba."

Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Sannan ta kira sunana, sunana na yanka, ta ce, "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu. Da ruwan tankin nan aka yi mata wanka.

Har yau in wani ya zo shago ya ce a sa masa tankin a cikin banɗaki don ya fi kyau, ba na yi, ko nawa zai bayar. Wasu su yi fushi su tafi wani wurin, ina bin su har bakin titi ina roƙo. Na koyi cewa mai ƙira ba ƙarfe kaɗai zai auna ba, sai ya auna mutanen gidan, da abin da suke tsoro, da abin da za su yi don kare nasu. Rashin kula ban cika jin tsoronsa ba yanzu, don ana iya yi wa mutum gargaɗi. Uwar da ta ga iska tana kaɗa 'yarta kuwa, babu gargaɗin da zai riƙe hannunta.

Yaron da ke kuka ranar nan yanzu ya fi ni tsawo. Ƙanwata ba ta san wannan ɓangaren ba sai jiya, da na kira ta na nemi izininta kafin in rubuta. Ta ce, "Yaya, rabin majanyin nan nawa ne." Gobe in Allah ya kai mu zan kai mata guntu ɗaya. Ɗayan yana nan a ƙasan akwatina, har yanzu da baƙin hayaƙin a jikinsa, ban taɓa wanke shi ba.