Wa Zai Binne Yakubu?

Ko da na bar aiki, ban ga ranar da zan manta da Larabar da Yakubu Dauda ya rasu ba. Cikin bazara ne, azumi ya kusa rabi, zafi kuma tun hantsi yake hana mutum zama wuri ɗaya. A lokacin ni ne mataimakin jami'in kula da harkokin ɗalibai a kwalejinmu da ke Talata Mafara. Saboda waɗanda ba su san aikin ba: sashenmu ne ke riƙe da ɗakunan kwana, da lafiyar ɗalibai, da ƙungiyoyinsu, har da na addini guda biyu, ta Musulmi da ta Kirista. Shugabar sashen, wadda muke kira Din, ita ce Hajiya Asabe. Masallaci yana hannun Liman Nasiru. Ɗaliban Kirista kuwa, da ba su da yawa, wani malamin lissafi ne ke kula da su, Fasto Markus, a wani aji suke ibada ranar Lahadi.

Idan ɗalibi ya rasu, ƙa'idarmu a fili take. Likita ya tabbatar a rubuce, a sanar da Din, a ciro fayil ɗin mamacin, a kira danginsa, sannan ni in sa hannu a takardar miƙa gawa ga mutanen addininsa. Ban taɓa ganin inda wannan tsari ya cije ba sai ranar.

Yakubu ɗan aji biyu ne, mai ciwon sikila. Ciwon ya tashi masa bayan asuba, abokan ɗakinsa suka kai shi asibiti, kafin ƙarfe takwas rai ya yi halinsa. Ina isa ofis na iske Liman a tsaye, tare da Aminu, abokin ɗakin marigayin, idonsa jajir. Bayan mun yi wa juna gaisuwa, Liman ya ce yara sun riga sun tafi maƙabarta da diga da shebur, likkafani ma an samu, in sa hannu a yi masa sutura kafin azahar.

Na ɗauko biro ke nan sai ga Fasto Markus ya shigo, yana haki, alli bai ma fita daga hannunsa ba.

“Malam Garba, don Allah dakata. Yaron nan namu ne. Shi ke buga mana ganga duk Lahadi.”

Aminu ya zabura. “Haba Malam! Yau ma tare munka yi sahur. Tun da anka fara azumi bai sha ko ɗaya ba.”

Na buɗe fayil. Suna Yakubu Dauda, sunan da kowane ɓangare ke sawa. Garinsu Bakura. Gurbin addini kuwa fari fat, ba a rubuta komai ba, kuma sa hannuna ne a ƙasan takardar, ni na karɓe ta shekara biyu da suka wuce ban lura ba. Na kira lambar wayar da ke ciki har sau huɗu, ba ta shiga.

Na tambayi Aminu ko ya taɓa ganin Yakubu yana salla. Ya ce yakan raka su har bakin masallaci, amma a gaskiya bai taɓa lura da shi cikin sahu ba. Na tambayi Fasto ko yana da takardar baftismarsa. Ya ce babu, sunansa dai na cikin littafin mawaƙa.

Zan faɗa muku gaskiya, tun da don ku koya nake ba da labarin. Zuciyata ta fi karkata ga in ba Liman. Su ne masu yawa, sun riga sun fara haƙa, ga zafi ba ya barin gawa ta jima. Da na sa hannu, da ƙarfe biyu an gama. Hajiya Asabe ce ta shigo ta karɓe takardar daga gabana ta kife ta a tebur.

“Ba wanda zai sa hannu sai an ji daga bakin danginsa. Malam Garba, ɗauki mota ka tafi Bakura yanzu.”

Ta juya ga Liman ta roƙe shi ya riƙe mata ɗalibai. Liman ya ce zai iya riƙe su zuwa la'asar, bayan nan bai yi alkawari ba. Ya kuma yi gaskiya, don muna fita ƙofar kwaleji na ga samari sun fara taruwa gungu-gungu a gindin itatuwa. Magana ta riga ta fita cewa an hana a yi wa Musulmi sutura. Can gefe kuma 'yan matan Kirista sun kulle kansu a aji suna kuka.

Direbanmu Ɗanjuma ya taka mota. Ba mu yi nisa ba Hajiya ta kira, ta ce shugaban kwaleji yana tambaya. Muna shiga Bakura ta sake kira. Adireshin da ke fayil bai wuce “kusa da injin niƙa” ba, garin kuma injin niƙa ba ɗaya ba. Mun tsaya wuri uku. A na ukun ne wani mai faci ya ce ya san gidan da wani Dauda, ma'aikacin madatsar ruwa, ya taɓa haya, amma mutumin ya daɗe da mutuwa. Ashe adireshin tsohon gidan mahaifinsa yaron ya rubuta.

Wata tsohuwa muka iske a gidan tana tsince shinkafa. Na matsu, amma dole na tsaya muka gaisa, gida, iyali, azumi, zafi, kafin na kawo maganar. Da ta ji rasuwar ta saki faifan.

“Yakubu na Ladi? Wayyo ɗiyan mutane!”

“Inna, wane addini yake bi?”

“Ubanshi dai coci yaka zuwa. Uwar kau ta musulunta bayan mutuwatai, ta auri wani mahauci can Maradun, Alhaji Mani. Yaron ban sani ba, ɗana, kada in ɗauki alhaki. Ku tai ku tambayi uwatai.”

Na duba agogo, sha ɗaya ta wuce. Na kira Hajiya na gaya mata. Duk mun san halin da hanyar Maradun take ciki saboda 'yan bindiga, ba a son mota ta yi yamma a kanta. Ta ce, “Ka je, amma kada la'asar ta same ku a can.” Ɗanjuma ya cire hularsa ya goge zufa ya tada mota.

Ban taɓa jin tsawon hanya kamar na ranar ba. Maƙogwarona ya bushe, rigata ta manne a bayana. A shingen jami'an tsaro biyu aka tsayar da mu, kowanne sai na fito da katin aiki na yi bayani daga farko. Tsakanin shingayen kuma babu kowa, sai gonaki a bushe da wasu rugage da aka tashi aka bari. Wayata na ta ruri. Liman ya ce an gama kabari, yara na tambayarsa me ake jira. Fasto Markus ya ce ya tsaya a ƙofar ɗakin da gawar take, wasu samarin Musulmi sun zo sun tsaya su ma. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce, “Ba na faɗa, Malam Garba. In uwarsa ta ce Musulmi ne, ni zan fara kama makara.”

Alhaji Mani ba ɓoyayye ba ne a Maradun. Mun same shi a rumfarsa ta kasuwa yana datsa ƙashi. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya ajiye wuƙar, ya yi salati, ya zauna a kan gungumen da yake sara nama, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai na yi masa tambayar da ta kawo ni.

Ya ce, “Na san amsa, amma ba ni ya kamata in ba ka ba. Taho mu tai gida.”

A zaure na tsaya. Na ji lokacin da ya faɗa mata, kuma ba na fatan in sake jin irin wannan ƙara. Ina tsaye ina kallon agogo, ina jin kunyar kallon agogon. Can ta fito cikin hijabi, wata maƙwabciya na riƙe da ita, ta zauna a dakalin zaure. Na yi mata ta'aziyya, na ce ta gafarce ni, akwai mutane biyu da ke jiran kalma ɗaya daga bakinta.

Ta ce, “Kirista ne. Da hannuna na riƙe shi aka yi masa baftisma. Da na musulunta yana da shekara goma sha biyu, na ce ya biyo ni, ya ce shi zai tsaya inda babansa ya bar shi. Na yi kuka, na yi fushi, daga baya na ƙyale shi.”

“To azumin fa?”

“Don ni yake yi. Shekarar da na fara azumi ya yi mini wuya, ya ce zai taya ni. Ya saba. Likita ya hana shi saboda ciwonsa, na hana shi, ba ya ji.”

Alhaji Mani ya ce, “Shekara tara yana gidana. Ban taɓa ce mai ya yi salla ba, shi ko bai taɓa cin abinci gabana da rana cikin azumi ba. A kai shi inda mutanen ubanshi suke. Kuma da mu za a tai.”

Na kira Hajiya Asabe, na sa wayar a kunnen uwar ta maimaita da bakinta, Liman da Fasto suna saurare. Na rubuta bayanin a takarda, ita ta dangwala yatsa, mijinta ya sa hannu a matsayin shaida. Wannan mataki ba ya cikin ƙa'idarmu a lokacin. Ni na ga ya dace, don na san za a tambaye ni.

Abin da ya faru a kwaleji muna hanya, daga baya aka ba ni labari. Liman ya tara samarin a masallaci bayan azahar, ya gaya musu abin da uwar ta ce. Wani ya miƙe ya ce ai mai azumi Musulmi ne. Liman ya ce, “Kai ka haife shi? Uwatai Musulma ce, ita ta fi kowa son a ce namu ne, amma ta faɗi gaskiya. Mu mi za mu ƙara?” Wasu sun fita suna gunaguni, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba wanda ya ɗaga hannu.

Mun iso Mafara ana kiran la'asar. Sai ga wata matsalar. Maƙabartar Kirista tana bayan gari, ƙasar wurin ta bushe kamar dutse, mazan ɗaliban Fasto kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tun da aka ba su labari suke sara, ba su kai gwiwa ba. Ina tsaye ina tunanin inda zan samo 'yan ƙwadago, sai ga Aminu da samari shida ɗauke da diga, ƙurar kabarin farko ba ta ma bar jikinsu ba. Aminu bai kalli kowa ba. Ya ce wa wanda ke cikin ramin, “Fito ka huta,” ya dira. Da azumi a bakinsu suka haƙa kabari na biyu a yini ɗaya. Ɗayansu jiri ya ɗebe shi, muka kwantar da shi a inuwar mota.

Da aka fara addu'a, mu Musulmi muka ja baya muka tsaya a gindin wata bishiyar bedi, ni da Liman da Alhaji Mani. Uwar ta zauna cikin mota, ƙofa a buɗe. Da suka ɗauki waƙarsu ta bankwana na waiga, na ga leɓunanta na motsi, tana bin waƙar a hankali, hawaye na zuba a kan hijabinta. Alhaji Mani ma ya gani. Ya kawar da kai, ya gyara tsayuwa yadda zai kare ta daga idon mutane.

Ana rufe kabarin rana ta faɗi. Ba wanda ya yi tanadin buɗa-baki. Matar Fasto Markus ce ta fito da jarkar ruwa da ƙullin dabino daga motarsu, ta miƙa wa Liman. Nan bakin maƙabarta muka sha ruwa, muka yi magariba a kan ƙasa, su kuma suka tsaya suna jiranmu. Iyayen a gidana suka kwana, don hanya ba ta biyuwa a wannan lokaci.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na ɗauka. Ranar da abu ya rikice, kowa zai zo muku da gaggawa, kuma kowa da hujjarsa mai kyau. Liman bai yi ƙarya ba, Fasto bai yi ƙarya ba, Aminu ma abin da ya gani ya faɗa. Mai yawan jama'a zai fi saurin shiga kunnenku, musamman in addininku ɗaya da shi. A nan ne ake gane ma'aikaci. Kada ku yanke wa ɗan mutane hukunci da zato, ku tashi ku je inda amsar take, ko da nisa.

Bayan sati biyu Alhaji Mani ya dawo ɗaukar kayan yaron. Muka ɗaure katifa da akwati a bayan babur. Har ya hau sai ya sauko, ya ce in raka shi ofishin Fasto Markus. Na zaci godiya zai yi. Da muka shiga ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, “Malam, ni ban san yadda kuke yi ba. In akwai abin da uba ke yi wa ɗansa bayan an binne shi, a gaya mini in yi.”