Tsakuwar da Aka Juye a Bakin Rafinmu

Bijimai biyu na huɗa, buhun masara ashirin, da keken Baba. Iyakar abin da gidanmu zai iya kaiwa kasuwa ke nan a kakar shekarar da nake aji biyar. Duka sun kama hanyar salwanta tun ranar Larabar da wata farar mota ta tsaya a tsallaken rafin ƙauyenmu, ko da yake ban sani ba. Ina gindin ɗorawa ina kiwon awakin Inna, ina shan takanɗa, sai na ga wani mutum ya fito, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ratso ruwa. Ba babbar riga, ba 'yan rakiya, daga shi sai ɗan littafi da biro. Ya yi mini cikakkiyar sallama kamar wani magidanci, ya ce in nuna masa inda dattawa ke zama.

Ƙauyenmu yana bakin daji ne, ta wajen Dogon Dawa. Ƙasar ba ta rowa. Masara da dawa da doya, duk abin da ka binne zai fito. Da damina mukan yi sammako gona, mu dawo mu wanke ƙafa mu ruga makaranta, da yamma mu yi langa a fili har ƙura ta tashi. Maƙwabtanmu Gwarawa matansu kan wuce da doya a kafaɗa, su ajiye wa Inna biyu, ita kuma ta aika musu da daddawa. Ciwonmu ɗaya ne, rafin nan. In ya cika sai ya raba mu da duniya. Malam Bulus, malamin ajinmu, yakan ƙetaro da littattafai a ka, wata rana kuma ya tsaya a tsallake ya ɗaga mana hannu ya koma. Masu sayen hatsi sun san ba mu iya fitar da kaya, sai su zauna a can su faɗi abin da suka ga dama.

A kakar nan shawara biyu ke gaban Baba. Ƙanensa, Baffa Sale, mai sayar da hatsi a Birnin Gwari, ya samo masa fili kusa da kasuwa, wanda zai ɗauki ɗakuna da rumfa. Ga kuma wata fadama da ke manne da gonarmu, mai ita zai tashi. Kuɗin bijimai da masara da keke ɗaya kawai daga cikin biyun za su saya. Baba ya fi karkata ga filin gari, har ya ce wa Baffa ya riƙe masa shi zuwa bayan girbin dawa.

Baƙon ya yini a ƙauye bai yi alkawarin komai ba. Tambaya kawai yake yi. Dattawa suka ba shi amsar da ake ba baƙo, sai godiya, sai dai taki, sai dai magani. Da la'asar na raka shi rafi, sai ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan samari, in ran mamarka ya ɓaci, me take cewa?" Ni kuwa gwanin kwaikwayo ne. Na riƙe ƙugu, na karkace baki yadda Inna ke yi a gaban murhu, na ce, "Mu ke noma, rafi ke yanka farashi!" Ya yi dariya har da dafa gwiwa, ya ce in sake. Na sake, ya rubuta. Muka ƙetare, ya buɗe mota ya ba ni lemon kwalba da hula hana-sallah mai hoton ɗan takarar shugaban ƙasa.

Bayan an gama girbi sai ga motar lasifika a bakin rafi, lokacin ruwa ya ja baya. Muka bar awaki muka ruga. Aka yi kiɗa, sannan wata murya ta ɗauka: "Ku ke noma, rafi ke yanka farashi! Wannan ya ƙare!" Inna tana daka, ta saki taɓarya. Ta fito ƙofar gida da gari a hannu tana cewa, "Ashe har can sama ana jin kukanmu." Kwana uku bayan haka tipa ta zo ta juye tsakuwa tuli guda a bakin ruwa. Wasu mutane biyu masu hular kwano suka ja igiyar awo, suka kafa turaku masu jan fenti a gaɓa biyu, suka tafi. Ba wanda ya ce ga ranar da za a fara aiki. Mu ma ba mu tambaya ba.

Baffa Sale ya zo a kan babur da ya ji Baba ya canza shawara. Ina riƙe musu buta a zaure na ji yana cewa, "Yaya, tsakuwa ba gada ba ce. Ni ɗan kasuwa ne, na san samfur in na gan shi." Baba ya ce, "Sale, mutumin da ya san abin da matata ke faɗa a madafi, ya san ciwona. In gada ta zo, fadamar nan zinariya ce." Hular tana kaina a lokacin. Magana ɗaya ce a bakina, in ce Baba ni ne na faɗa musu. Tsoron bulala ya riƙe ni, ga kuma wani daɗi da nake ji, wai maganar da na kai ce ke fita a lasifika. Aka kora bijimai kasuwa, aka loda masara, keke ya bi su, Baba ya sayi fadama.

Ranar zaɓe ƙauyenmu kaf ya fita, har tsofaffin da aka ɗauko a amalanke. Ɗan takarar ya ci. Muka yi ta tsalle a gaban rediyon mai shayi kamar ɗan gidanmu ne.

Damina ta zo, rafi ya cika, ya tafi da turakun. Tsakuwa ta zauna. Mu yara muka gano ba abin da ya kai ta daɗin harbin kurciya da danƙo. Mata suka riƙa ɗiba a ƙwarya suna daɓen ɗaki. Baba da ba shi da bijimai ya koma noma da hannu, ni da shi, a fadamar da ta fi ƙarfinmu. Tumatirin da muka samu a shekarar farko a kwando ya ruɓe, muna kallon motoci a tsallake. Duk da haka in an taɓa maganar sai ya ce gwamnati ba ta gaggawa, ai ga kayan aiki nan a ajiye. Har ciyawa ta rufe tulin yana faɗar haka.

Sauran labarin duk mutumin yankin nan ya san irinsa. Dajin da muke shiga tsinkar kanya ya koma na masu bindiga. Aka fara da shanu, aka koma kan mutane, aka kai ga sai ka biya kafin ka girbe abin da ka shuka. Ranar da muka gudu da hantsi ne, rafi a cike, na goyo Baba a bayana na ƙetare da shi. Ta gefen tulin nan muka fito. Baba ya kalle shi, muka wuce. A ɗakin haya ya rasu a Birnin Gwari. Filin da Baffa ya samo masa yanzu jerin shaguna ne, kuma ɗaya daga ciki nake haya.

Yau ni dillalin hatsi da taki ne, ba wanda ya ba ni jari, kuma ba zan ɓoye ba, wajen mutumin nan mai littafi na koyi rabin sana'ata. Ba na yabon kayana. Ina barin mai saye ya yi magana har ya faɗi inda ke masa ciwo, sannan in mayar masa da maganarsa da bakina. Ina zuba masa samfur a tafin hannu, domin abin da hannu ya taɓa ya fi abin da kunne ya ji. Bambancina da su, in na nuna samfur akwai buhu a bayansa. Su kuwa da tipa ɗaya suka sayi ƙauye guda. Duk kakar zaɓe ina ganin ƙannensu suna wucewa ta gaban shagona, yanzu da waya maimakon littafi, suna tambayar 'yan gudun hijira me ke damunsu. Mutane kuma suna faɗa.

Bara na kasa riƙewa, na gaya wa Inna. Tana tsince wake a tire, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Tun ranar na sani. Wa ke zama mini a bakin murhu in ba kai ba?" Na ce, "To Inna, me ya hana ki gaya wa Baba?" Ta daɗe tana juya waken, sannan ta ce, "Ni ma so nake ya zama gaskiya."

In na zauna lissafi, ga yadda yake fita. Mun ba da bijimai biyu, da masara, da keke, da fili a gari, da sauran ƙarfin Baba. Fadamar tana can, ba mai iya taka ta. Ɗan takarar ya sami kujerarsa. Ni na sami lemo, da hula, da sanin yadda ake sayar wa mutum abin da yake fata. Ban taɓa yin cinikin da na faɗi irin wannan ba.