Jinkirin Sada Baduku

A zamanin da ayarin fatake ke bi ta Birnin Kudu da jakuna, tun ba a san Nasara ba a ƙasar Kano, an yi wani baduku a garin mai suna Sada. In dai gafaka ce, jakar fatar nan da malamai ke sa littafi su rataya, to babu mai hannunsa. Amma fa jinkiri! Aikin da wani zai gama kafin la'asar, Sada sai ya kai wata yana ce maka rini bai kama ba.

Rini lafiyarsa lau, Sada karatu yake yi. Littattafan lokacin warƙa-warƙa suke, babu ɗinki, kowanne da kaurinsa, don haka dole mai littafi ya bar shi wurin baduku a auna, a yanka bango, a ɗinka gafaka daidai da shi. Sada kuwa ya taɓa karatun ilmi a Wurno kafin mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya ɗauki basilla, ga shi takarda ta fi ƙarfin talaka. Ban da Alƙur'anin gado, bai mallaki littafi ko ɗaya ba. Abin da aka kawo masa awo, shi ne karatunsa. Malamai sun sani sarai, suna kawar da kai ne saboda abu guda: ba a taɓa jin warƙar wani ta fita daga zauren Sada ba. Ranar da aka ji kuwa, karatunsa ya ƙare, shi ma ya san da haka.

Matarsa Barira takan leƙo ta same shi da takarda a hannu, fata na bushewa a gefe, ta ce, "Malam, wai yau ma Larabci za mu ci a gidan nan?" Sai ya ce saura warƙa ɗaya. Ita ta san warƙa ɗayan nan, ba ta ƙarewa.

Rabin daɗin karatu a wurin Sada gardama ce, abokin gardamar kuwa Hambali, wani Bafulatanin Gwaram da suka zauna gaban malami ɗaya a Wurno. Yakan kawo fatun awaki wurin majema, ya sauka a zauren Sada. Kafin ya cire takalmi zai kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, me aka kawo maka ka lalata?" Daga nan sai a baje. Sada ya yaba wani littafin magunguna, Hambali ya ce mai shi bai taɓa tsayawa kan saniya marar lafiya ba. Sada ya ce wata waƙar wa'azi ta sa shi hawaye, Hambali ya ce, "Kai ai ko a maƙwabta aka yanka albasa kuka kake." Har furfura ta fito musu ba su taɓa yarda da juna a kan littafi ɗaya ba, kuma ba su taɓa kwana da fushin juna ba.

Wata shekara, ƙarshen damina, wani baƙon malami mai suna Abdulsalami ya kawo littafi mai kauri, ya ce zai zauna wurin danginsa a Sundimina sai bayan kaka ya wuce Kano. Labarin wani saurayi ne da ya sayar da shanun ubansa, ya bar tsohuwarsa, ya shiga duniya neman ilmi. Abin nema ya samu! Sada ya ture basilla. Yana cikin karantawa Hambali ya iso, ya ɗauki warƙoƙin da Sada ya gama, ya bi shi, ya kamo shi, har ya wuce shi, don shi idonsa da sauri.

"Wannan yaro namiji ne," in ji Sada.

"Wannan yaro wawa ne," in ji Hambali. "Wanda ya sayar da saniyar gado bai ga komai ba tukuna. Ka jira ƙarshe."

Da fatu suka ƙare, Hambali ya kasa tashi. Ya dubi warƙoƙin ƙarshe, ya dubi Sada. "Ba ni su in tafi da su. Kai da kake tafiyar hawainiya, kafin ka iso nan na dawo maka da su."

"Haba Hambali, kayan amana ne."

"To ni ɓarawo ne?"

Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wallahi wannan karon ba kwaɗayi ba ne, kunyar aboki ce. Sada ya naɗe warƙoƙin a jar fata ya miƙa masa.

Ba a jima ba sai ga Malam Abdulsalami a ƙofar zaure, tun ba a yanke dawa ba. Ya sami ayarin da zai tashi Kano ranar kasuwa mai zuwa, yana son littafinsa. Sada ya ce rini bai kama ba. Malam na juya baya Sada ya ari jakin maƙwabci ya kama hanyar Gwaram. Lissafinsa bai da wuya: ya isa, ya karɓa, ya juyo da safe, babu wanda zai ji labari.

Hajjo, matar Hambali, ita ta tarye shi a bakin shinge. "Malam Sada, gara da ka zo. Abokinka tun dawowarsa yake kwance." Ya shiga bukka ya same shi ya rame, zazzaɓi ya cinye shi, warƙoƙin na naɗe a gefen matashi.

"Kaɗo, ka zo karɓar kayanka?" in ji Hambali. "Ɗauki. Na fara, ido ya ƙi. Baƙaƙen sai rawa suke mini." Sannan ya ce, "Abin haushi, zan tafi ban ga yadda wawan nan ya ƙare ba."

Sada ya ɗauki ƙunshin ya riƙe. Ya san in ya kwana ya juya, ya tsira da sunansa. Ya san kuma abin da ya gani a fuskar abokinsa, don ba yau ya fara zuwa dubiya ba. Ya zauna, ya kwance igiyar.

Karatun bai yi sauri ba. Sada dama a hankali yake bi, Hambali kuwa sai ya yi barci a tsakiyar warƙa, in ya farka ya ce a koma baya, a koma kuma ya tsaya musu. Hajjo ta kawo nono ta ce, "Ku dai ko a bakin kabari sai kun yi gardama." Ranar kasuwar Birnin Kudu ta zo ta wuce suna nan. A warƙar ƙarshe saurayin ya dawo gida da rawani da ɗalibai, ya tarar tsohuwarsa ta rasu, an noma gero a inda garken ubansa yake.

Hambali ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ban gaya maka ba?"

"Ai ya samo ilmin," in ji Sada.

"To, ya tatsi ilmin ya sha mana."

Washegari bayan azahar Hambali ya cika. Da Sada aka yi masa sutura.

Ya koma Birnin Kudu ya tarar ayari ya tafi, Malam Abdulsalami na zaune a ƙofar zaurensa, mutane sun taru. Sada bai yi batun rini ba, ya faɗi inda warƙoƙin suka je. Malam ya duba littafinsa ɗai-ɗai a gaban kowa, ya ga babu abin da ya ɓata, ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, ya ɗauki abinsa ba gafaka ya tafi. Bai zage shi ba. Da ma ya zaga, da ya fi sauƙi.

Tun daga ranar malamai ba su daina kawo masa aiki ba, don hannunsa na nan. Sai dai kowa yakan auna littafinsa a gida da karan dawa, ya karya daidai tsawo da faɗi da kauri, ya aiko da karan. Sada ya zama baduku mai cika alkawari, aiki na fita da wuri, gidan Barira ya ga hatsi. Ita kuwa ba ta ji daɗin hakan ba ko kaɗan, ta sha shiga ɗaki ta share hawaye in ta ga mijinta na juya kara a hannu.

Ya tsufa a haka. Wata rana ta kasa haƙuri ta tambaye shi, "Malam, don Allah, littafin nan ya kai abin da ya jawo maka?"

"Littafin? Ina! Ƙarshensa ma bai yi mini daɗi ba." Ya ci gaba da ɗinki, can ya ce, "Na samo amsar da zan ba Hambali fa, Barira. A hanyar dawowa na same ta. Wa zan gaya wa?"